Kanwar Iya da Ruwan da Ya Kwana

Makon jiya wata ɗalibata ta saki ƙara a ɗakin gwaji, har na zaci wuta ce ta taɓa ta. Da na isa wurinta sai na tarar tana riƙe da kwalbar gwaji a tafin hannu, ido waje. "Malama, wallahi kwalbar nan sanyi take yi! Ni kuma ban sa mata ƙanƙara ba." Wani farin gishiri ne na ba su su narkar a ruwa, dangin wanda ake haɗa takin zamani da shi. Na karɓi kwalbar na dunƙule hannu a kanta. Sanyin na ratsa tafina sai na ji kamar an ɗauke ni daga Gaya an dire ni a tsakar gidanmu na Toranke, ina 'yar shekara tara ko goma, hannuna cikin kwanon kanwa, kakata tana tsaye a kaina tana cewa in bar wasa in juya.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandare a nan Gaya, kuma darasin da muke yi ran nan yana da dogon suna a littafi. A taƙaice dai, so ake a gano yawan zafin da abu yake sha, ko yake fitarwa, lokacin da yake narkewa a ruwa, ta hanyar duba yadda narkewar tasa take ƙaruwa idan ruwan ya ƙara ɗumi. Na karanta shi a kwaleji, na ci jarrabawa a kansa, na koyar da shi shekara da shekaru. Amma in za a ba ni Alƙur'ani in rantse, ba a aji na fara saninsa ba. A kasuwar Ajingi na san shi, wata safiya ta lokacin ɗari, ranar da sunan kakata ya kusa zubewa saboda ni.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babana. Sunanta aka sa min, shi ya sa ba mai kama sunana a gidan. Ita kuwa "takwara" take ce min, in na faranta mata da in na ɓata mata duk ɗaya, murya ce kawai take bambanta. Gajeriya ce, ga saurin tafiya ga saurin baki, yatsunta duk sun tsattsage saboda sana'arta. Sana'ar kuwa tace kanwa ce. Ka san kanwar da fatake suke kawowa daga gabas, dunƙule-dunƙule, rabi kanwa rabi ƙasa da tsakuwa. Yawancin mutane haka suke saye su jiƙa, su tsiyaye ruwan sama su watsar da laka. Iya ta ce wannan ƙazanta ce, kuma asara ce. Ita sai ta farfasa ta, ta zuba a babbar tukunyar ruwan zafi, ta yi ta juyawa da muciya har ruwan ya ƙi karɓar ƙari. Daga nan ta tace da farin tsumma ninki biyu cikin kasake, ta jera su a bayan rumbu inda rana ba ta kaiwa. Washegari da safe in ka leƙa, sai ka ga kanwar ta fito daga ruwan da kanta, fara tas, tana ƙyalli a gefen kasko. Mu kwashe, mu shanya a faifai, in ta bushe a daka a zuba a buhu.

Aikin ɗari ne. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, safiya ta fara cizon yatsu, to lokacin Iya ya yi. A bazara ko wutar ba ta hurawa. Ta ce wahalar banza ce, ruwan ba ya hucewa sosai, sai ya riƙe rabin kanwar ya ƙi saki. A watannin ɗarin nan gidanmu kaf warin kanwa yake, wani ɗaci-ɗaci mai maƙalewa a maƙogwaro, ya cakuɗe da hayaƙin kara. Zannuwanmu ma warinta suke, har a makarantar allo 'yan'uwana suna tsokanata wai in na zauna kusa da wake zai nuna ba wuta.

Ni kuma Allah ya yi ni da tambaya, ta kai ta kawo har uwata takan kore ni daga madafi. Iya ce kaɗai ba ta gajiya, ko kuma in ce tana gajiya amma tana amsawa cikin faɗa. Wata rana ta zuba ruwa a kwanon sha, ta ce in tsoma yatsa. Ta zuba kanwa ta juya, ta ce in sake tsomawa.

"Me kika ji?"

"Ya ƙara sanyi."

"To kin gani. Kanwa ba ta shiga ruwa sai ta sha ɗuminsa. In ɗumin ya yi kaɗan, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga."

Na ce gishiri fa? Ta ce gishiri ba ruwansa, ruwan zafi da na sanyi kusan duk ɗaya ne a wurinsa. Sodar da maƙwabciyarmu take sabulu da ita kuwa, ta ce ita da wutarta take zuwa, ranar da na kuskura na sa mata hannu in ban mutu ba ita za ta ƙarasa ni. Haka Iya take koyarwa, ilimi da barazana a kwano ɗaya.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi yake kai kanwar kasuwar Ajingi a bayan kekensa duk ranar kasuwa. Mutum ne mai sanyi, in Iya ta yi magana goma shi ya yi ɗaya, ita ma ɗayar yawanci "to" ce. Ba ya kirarin haja. Abu guda yake faɗa wa mai saye: "Je ka narka. In ka ga yashi a gindin kwano, dawo min da ita." Shekaru yana faɗar haka, ba wanda ya taɓa dawowa. Wannan magana ita ce jarin gidanmu. Gonarmu ba ta da girma, ba mu da shanu, amma daga Toranke har Gaya in aka ce kanwar gidanmu, an san ba ta barin komai. Cikin masu saye babu kamar Arɗon wata ruga da ke gabas da mu, aminin Baba Tsoho tun suna samari. Buhu guda yake ɗauka lokaci ɗaya don shanunsa. Yakan dama ta da kauri a kwano, sannan ya juye cikin komin da suke shan ruwa.

To, ga abin da na yi. Ranar da za a cika buhun Arɗo, Iya ta shiga maƙwabta barka, ta bar ni da gadin shanya don kada kaji su hau. Ni kuwa na zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa ina ta tsalle da ƙafa ɗaya. Tsalle na uku ko na huɗu diddigena ya daki gefen faifai, faifan ya kife, kanwar ta watse a ƙasa. Na tsaya kamar an dasa ni. Na duba ƙofa, ba kowa. Na durƙusa na yayyafo ta sama-sama da hannu biyu, ina hurawa ina mayarwa, na juye a buhun da yake buɗe na girgiza shi don ta gauraya. Sauran da ta haɗu da ƙasa sosai na share na zubar a bayan rumbu, na goge zanen gala-galar da ƙafa. Da Iya ta dawo ta same ni zaune na naɗe ƙafa, ina korar kajin da ko kusa ba su zo ba. Har yaba min ta yi, ta ce yau takwara ta yi hankali.

Sati biyu bayan nan Baba Tsoho ya dawo daga kasuwa tun azahar ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Kayan da ya fita da su suna nan ɗaure a keke yadda ya fita da su. Ya jingine keken, ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai da Iya ta tambaye shi sau uku sannan ya yi magana. Ashe Arɗo ciwon ƙafa ya kwantar da shi, babban ɗansa ne yake ba shanu kanwa yanzu. Ɗan ya zo rumfar Baba Tsoho da kwano a hannu, a gaban jama'a ya karkata shi ya nuna wani farin abu jibge a gindi, ya ce ga abin da ake sayar musu, an gauraya musu farin yashi don buhu ya yi nauyi. Ya ce kwana goma yana damawa, kullum haka take bari. Kalmar da ya faɗa ita ce algus. Mutum biyu da suka riga suka saya suka ajiye tasu suka tafi.

Ban taɓa ganin fuskar Iya kamar ran nan ba. Na ɗauka za ta tashi gidan da faɗa. Amma sai kawai ta ce, "Da wane ruwa yake damawa? Da wane lokaci?" Baba Tsoho ya ce bai tambaya ba. Ta ce ai dama ba zai tambaya ba.

Ni kuwa ina rakuɓe a ƙofar ɗaki. Ba ni da ko shakka yashina ne. Kwana uku tuwo ba ya wuce min, uwata har ta fara jiƙa min sabara tana zaton ciwon shawara ne. Kuma ina jin duk abin da ake cewa. Wata mata da take aiko yara sayen kanwar koko ta daina aikowa. Baba Tsoho ya ce abin da ya fi sauƙi a ɗauki sabon buhu a kai ruga, a karɓo tsohon a ba su haƙuri, magana ta mutu. Iya ta ce ba za a yi ba. "In muka canja buhu mun amsa laifi ke nan, alhali ba mu ga laifin ba. A gaban mutane aka faɗa, a gaban mutane za mu duba." Ta aika wa Arɗo cewa ranar kasuwa mai zuwa ɗansa ya zo da buhun, da kwanon, da irin ruwan da yake damawa da shi.

Da na ji za a buɗe buhun nan a tsakiyar kasuwa sai na kasa riƙewa. A rana ta huɗu, da hantsi, tana juya tukunya ni ina tura mata kara, na fashe da kuka na faɗa mata komai, har da gala-galar. Muciyar ta tsaya.

"A wane buhu kika zuba?"

"Na Arɗo."

"Da yawa yashin?"

"Na hure, Iya. Ban sani ba."

Na runtse ido ina jiran muciya a gadon baya, kuma wallahi da ta dake ni da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Share hancinki kada ya ɗiga min a tukunya." Ta ci gaba da juyi. Na ce to yanzu sai a fasa zuwa kasuwar, a bi shawarar Baba Tsoho. Ta ce ba abin da za a fasa. Na ce, "Iya, in yashi ne fa?" Ta ce, "In yashi ne, yashi ne. Tare za mu gan shi, don da ke za a je."

Sai da na girma na gane nauyin abin da ta ɗauka ran nan. Kafin in yi magana tana da tabbacin kanwarta, zarginta duk a kan ruwan yake. Bayan na yi magana ba ta da tabbacin komai, kuma buhun yana ruga, ba halin ta gwada a ɓoye ta san inda ta tsaya. Hanyar tsira tana nan a buɗe, mijinta ma ya nuna mata ita. Ta ƙi bi.

Ranar kasuwa muka hau amalanken maƙwabcinmu da sassafe, ni da ita, muna ƙudundune cikin mayafi ɗaya, Baba Tsoho yana biye a keke. Ta ɗauko kwanonin sha guda uku iri ɗaya, da moɗa, da ƙaramin ludayinta, da sanduna uku na kara. Muna isa ta sa aka ajiye jarkar ruwa a rana. Hantsi ya ɗaga sosai kafin mutanen ruga su iso, an ɗoro Arɗo a kan jaki da ƙafarsa naɗe, ɗan yana gaba da buhu a kafaɗa da tulu a hannu. Dogo ne, ya kai shekara talatin, kuma in faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Shanunsu sun rame a shekarar, tsoro yake kada yashi ya taru musu a ciki. Kafin a gama gaisawa rumfar ta cika, don mutanenmu ba sa barin kallo ya wuce su.

Iya ta tambaye shi yaushe yake dama kanwar. Ya ce da asuba, kafin shanu su fita. Da wane ruwa? Wanda ya kwana a waje cikin tulu, ga shi ma ya zo da shi. Ta juya wurin Arɗo ta ce shi fa? Ya ce shi da la'asar yake damawa, in shanu sun kusa dawowa, da ruwan komi da ya wuni a rana. Sai na ga Iya ta gyara zama.

Ta auna moɗa ɗaya-ɗaya a kwanonin uku. Na farko ruwan tulunsa, na biyu ruwan jarkar da ya sha rana, na uku ta roƙi mai ƙosai ta rumfar gefe ta ɗora mata a wuta har ya yi zafin da yatsa zai iya jurewa. Ta ce ɗan Arɗo ya kwance buhunsa da hannunsa, shi zai riƙa ɗebowa da ludayi, shi zai juya. Ni kuma ta miƙo min karan uku ta ce kowane kwano da nasa, duk ludayin da ya narke ya ɓace in yi zane ɗaya da farce.

Ruwan da ya kwana ya karɓi ludayi biyu da ƙyar. Na uku ya kwanta a gindi fari fat, ya juya har ya gaji bai motsa ba. Ya ɗago kwanon yana nuna wa jama'a, "Kun gani ko? Kun gani!" Iya ta ce ya tsoma yatsa a kwanon, sannan ya tsoma a tulun. Ya tsoma, ya ce na kwanon ya fi sanyi. Ta ce to ya riƙe wannan a ransa, ya ci gaba. Ruwan rana ya karɓi huɗu. Ruwan wuta ya yi ta karɓa, biyar, shida, sai a na takwas ya ƙi. Ta amshi karan daga hannuna ta jera su a kan tabarma, gajeren layin zane, da matsakaici, da dogo, kowa yana gani. Ta ce, "Buhu ɗaya, ludayi ɗaya, hannu ɗaya. Me ya bambanta?" Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce ruwa.

Sannan ta ɗauki kwanon farko, mai farin abu a gindi, ta ce wa ɗan Arɗo, "Kai ka ce yashi ne. Yashi yana narkewa in ya ji wuta?" Ya ce a'a. Ta miƙa wa mai ƙosai. Aka ɗora, ɗan Arɗo yana juyawa, farin yana raguwa, yana raguwa, har aka fara ganin zanen furen da ke gindin kwanon. Rumfar ta kaure da hayaniya. Arɗo ya fara yi wa ɗansa faɗa da Fulatanci, Baba Tsoho ya mayar da hularsa kai yana murmushi, ni kuma na zauna a ƙasa. An gama, mun fita.

Iya ce ta ce ba a gama ba. Ba wanda ya nema, ba wanda ma ya kawo abin a ransa. Ta zaro farin tsummanta daga ƙugu, ta shimfiɗa a bakin ƙwarya, ta sa aka ɗumama kwanonin duka har komai ya narke, ta juye su ɗaya bayan ɗaya ta cikinsa. Ta buɗe tsumman a rana ta kai shi kusa da ido. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ja-ja, bai fi abin da za ka tsunkulo da yatsa biyu ba. Na gane shi. Jan yashin tsakar gidanmu ne.

Ta miƙa tsumman gaban Arɗo, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Wancan tulin da ɗanka ya gani kanwa ce, sanyi ne ya hana ta shiga. Wannan kuwa yashi ne, kuma daga gidana ya fito. An ce muku ba ta barin komai, ga shi ta bar wannan. Ku ba ni buhun in sake tacewa."

Ba ta kalle ni ba. Ko da wutsiyar ido ba ta kalle ni ba, ga ni zaune a gefen ƙafarta.

Arɗo ya karɓi tsumman ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce, "Iya, yashin da nake ci a tuwon gidana ya fi wannan." Ya ce buhu ba inda za shi. Ita kuma ta kafe sai an ba ta, suka yi ta ja har Baba Tsoho ya ɗaure buhun a keke don a zauna lafiya. Ɗan Arɗo ya durƙusa a gaban Baba Tsoho ya ce, "Baba, a yafe min, na yi gaggawa." Iya ta ce masa ba komai, amma daga yau ya riƙa barin ruwa ya ga rana, shanu ma ba su ce suna son na asuba ba. Kafin la'asar kayan da muka zo da su sun ƙare.

A hanyar komawa ina jira ta fara. Mun wuce gonaki, mun wuce kukar da ake hutawa, tana ta ɓare gyaɗa tana ba ni. Sai da muka hango rumbunan Toranke ta ce, "Takwara, gobe in faifai ya kife, ki zo ki faɗa min. Muna da ruwa, muna da wuta, sake tacewa za mu yi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Shekaru bayan nan, a kwaleji, aka ba mu wannan gwaji. Ka auna gishiri ka zuba a kwalba da ruwa, ka ɗumama har ya narke, ka sa ma'aunin zafi ka zuba ido yana hucewa. Da ka ga ƙwayar gishirin ta farko ta sake fitowa daga ruwan sai ka rubuta zafin. Ka ƙara ruwa ka sake, ka ƙara ka sake. Daga nan ka yi ɗan lissafi, ka ɗiga sakamakon a takardar giraf, ka ja layi. Tsananin gangaren layin shi zai gaya maka yawan zafin da gishirin yake sha kafin ya narke, ba tare da ka auna zafin da ya sha kai tsaye ba. Abin da yake shan ɗumi da yawa, layinsa a tsaye yake, ɗan ƙarin zafi kaɗan sai ya narke da yawa. Na gishirin miya kuwa kusan a kwance yake. Ina ɗiga ɗigo na uku na ga karan Iya jere a kan tabarma, na yi dariya ni kaɗai har malamin ya ɗago kai.

Ɗigona ɗaya ya kauce daga layi, na san kuma dalili, na tsaya hira ne ƙwayar farko ta fito ban gani ba. Ƙawata ta ce in matsar da shi kaɗan, kowa haka yake yi, wa zai sani? Na ɗauki abin gogewa, na riƙe, na ajiye. Na bar shi inda ya faɗi, na rubuta a ƙasa abin da ya jawo. Ba wani yabo na samu ba, maki biyu ma aka rage min.

Da na zo hutu na zauna na bayyana wa Iya komai, lokacin idonta ya fara rauni ta daina aikin. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shekara nawa suka riƙe ki kafin su faɗa miki abin da na nuna miki a hantsi ɗaya?" Na ce ai su har lambar zafin suke fitarwa, na faɗa mata tawa. Ta ce, "Ludayi nawa ke nan?" Ta yi ta min dariya har da tari.

Yanzu ba mai tace kanwa a Toranke. A leda ake sayenta, ko a sayi farar hodar shago a zuba a wake. Rugar Arɗo ta zama gidajen bulo, jikokinsa noma suke, ɗaya ma yana jan adaidaita tsakanin Gaya da Ajingi. Kasaken Iya sun farfashe, bayan rumbun da take jera su an yi ɗaki. Ludayin ne kaɗai na tsira da shi, yana cikin durowar teburina a makaranta, bakinsa ya cinye.

Bara, muna zaune da uwata muna tsince shinkafa, hira ta kawo mu kan ranar kasuwar nan. Na ce ai ni har yau in na tuna faifan da na kifar sai in ji kunya. Ta ɗago kai ta ce, "Wane faifai?" Na ce na kanwar Arɗo mana, wanda yashin ya shiga ta dalilinsa. Ta saki baki tana kallona. Ta ce su duk a gidan abin da suka sani shi ne tsumman Iya ne ya huje, haka kowa ya ɗauka, Iya kuma ba ta taɓa cewa a'a ba. Babana bai sani ba. Baba Tsoho ya rasu bai sani ba. Shekara talatin da wani abu ina zaton duk gidan sun sani kara kawai suke min, ashe mu biyu ne, ɗayar kuma tana kabari. Na ajiye farantin na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da gawar Iya. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka makwancinta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa min.

Ɗalibar nan mai kwalbar sanyi ta kawo min takardarta bayan kwana biyu. Ɗigo huɗu a kan layi, ɗaya ya fita can gefe, kuma na ga alamar an fara goge shi an fasa. Ta tsaya tana murza gefen hijabinta, tana jiran faɗa. Na tambaye ta me ya faru a nan. Ta ce a hankali, "Malama, kwalbar ce ta karkace, kaɗan ya zube." Na buɗe durowa zan ɗauko jan biro, hannuna ya taɓa ludayin. Na ce mata ta bar ɗigon inda yake, ta rubuta dalili a ƙasa, gobe kuma ta zo da wuri. Muna da ruwa, muna da wuta, sakewa za mu yi.